Cinikin Biri a Sama: Sabuwar Cacar da Ake Kira Kasuwar Hasashe

Caca tsohuwar aba ce, babu ƙasar da ba ta san ta ba. A dā in an ce caca, abin da kan zo wa mutum a rai shi ne wuri ko karta a wani kango can bayan gari, inda 'yan caca kan ɓuya don kunyar idon jama'a. Daga baya Turawa suka kawo ta sukuwar dawaki da ta ƙwallon ƙafa, wadda akan cika takarda a zauna jiran sakamako daga Ingila ran Asabar. To, yanzu al'amarin ya wuce nan nesa. Cikin 'yan shekarun nan an buɗe waɗansu wurare a intanet inda mutum zai zuba kuɗinsa a kan kowane abu da ake jiran aukuwarsa a duniya, tun daga zafin ranar gobe har zuwa faɗuwar masu mulki. Masu wuraren nan ba su yarda a kira abin caca ba, sun ce kasuwa ce, kasuwar hasashe. Tun da yake sun ari sunan kasuwa, ya kamata 'yan kasuwa su san abin da ake saye da sayarwa a cikinta, malamai kuma su san abin da za su amsa ran da aka zo tambayarsu hukuncinta.

Yadda ake cinikin

Manyan kamfanonin wannan harka biyu ne, dukansu a birnin New York na Amurka. Akwai Polymarket, wanda wani saurayi Shayne Coplan ya kafa a shekarar 2020, akwai kuma Kalshi, wanda Tarek Mansour da Luana Lopes Lara suka kafa a 2018, ya soma ciniki a 2021. Wanda ya yi karatun Larabci zai ji ƙamshin sunan na biyun, zama daga kalmar Larabawa mai ma'anar kome da kome aka ciro shi, shi Mansour kuwa a Lubnan ya tashi. Sunan ya dace da niyyar masu shi, domin a 2025 Mansour ya bayyana a gaban taro cewa burinsu shi ne duk inda mutane suka saɓa a ra'ayi, a mai da saɓanin nan haja wadda za a saya a sayar.

Ga yadda abin yake. Akan rubuta tambaya guda wadda amsarta ba ta wuce i ko a'a, a yanke mata ranar ƙarewa. Misali a ce, za a yi ruwa a birni kaza ran kaza? Sa'an nan a fitar da tikiti iri biyu, na I da na A'a. Dalar Amurka senti 100 ce, kowane tikiti kuwa farashinsa na tsakanin senti 1 da senti 99, in aka haɗa na I da na A'a sukan tashi wajen dala guda. Ran da al'amarin ya bayyana, mai tikitin da ya dace a ba shi dala ɗaya cur, mai ɗayan ya tashi a tutar babu. Wanda ya sayi I a senti 30 aka kuwa yi ruwan, ya ci senti 70, waɗannan senti 70 ɗin kuma daga aljihun wanda ya sayi A'a suka fito.

Abin da ya ba shi kamannin ciniki shi ne farashin yana hawa yana sauka kamar na hatsi tsakanin kaka da bazara, mutum kuma yana iya sayar da tikitinsa tun ranar ba ta zo ba, in ya ga ya tashi. Kamfanin ya tsaya a tsakiya kamar dillali, yana haɗa mai I da mai A'a. Kalshi yana cire la'adarsa daga cinikin, shi ko Polymarket ya yi suna ne da kuɗin intanet da ake kira kirifto, wani iri wanda aka ɗaure darajarsa da ta dala, shi ya sa mutanen ƙasashe da dama suka sami hanyar shiga.

Abubuwan da ake zuba kuɗi a kansu

Abin da ya fito da sunan kasuwar nan duniya ta san ta shi ne zaɓen shugaban Amurka na watan Nuwamba 2024, tsakanin Donald Trump da Kamala Harris. A Polymarket kaɗai, cinikin da aka yi a kan tambayar wa zai ci ya haura dala biliyan 3. Wani Bafaranshe guda ya zuba miliyoyi a kan Trump, masu bin diddigin kirifto suka ƙiyasta ribarsa da wajen dala miliyan 85.

Amma zaɓe ɗaya ne cikin dubu. Ana caca a kan iyakar zafin da za a yi yau a New York ko Chicago, da farashin ƙwai, da ko babban bankin Amurka zai rage kuɗin ruwa. Ana yi a kan yawan saƙon da attajirin nan Elon Musk zai rubuta a intanet cikin mako guda, da kalmar da wani shugaba zai furta cikin jawabinsa. A watan Yuni 2023, sa'ad da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Titan ya ɓace a Tekun Atilantika da mutum 5 a cikinsa, iyalansu na jiran labari, waɗansu na can suna cinikin tikiti a kan ko za a gan shi kafin rana kaza. A watan Janairu 2025, da gobara ta kama unguwannin Los Angeles, an yi cinikin ko eka nawa wutar za ta cinye. Har ma an buɗe tambaya a Polymarket a kan ko Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, zai sauko kafin ƙarshen 2025, aka kuwa sami masu sayen I da 'yan sentoci kaɗan. Shekara ta ƙare, aka biya masu A'a.

Hujjar masu kasuwar

Adalci ne a kawo hujjarsu yadda suka faɗe ta. Sun ce mutum in ana hira yakan faɗi son ransa, amma in an ce ya sa kuɗinsa, sai ya koma ga abin da ya sani. Saboda haka farashin tikiti, in ji su, shi ne sanin dubban mutane an tara shi wuri guda, in ya tsaya a senti 60 ma'anarsa kashi 60 cikin 100 abin zai auku. Suna kafa misali da zaɓen 2024, domin sa'ad da masu jin ra'ayin jama'a ke cewa an yi kunnen doki, tikitin Trump yana wajen senti 60, shi ne kuwa ya ci.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. Da Paparoma Francis ya rasu a watan Afrilu 2025, kasuwar ta ɗora Kadinal Pietro Parolin na Italiya a gaba. Ran 8 ga Mayu aka fito da Robert Prevost, mutumin Amurka, wanda ya ɗauki sunan Leo na 14, alhali tikitinsa bai wuce senti 1 ko 2 ba. Taron jama'a ba ya sanin abin da ake yi cikin ɗaki a rufe. Irin wannan cacar ma ba sabuwa ba ce a Rum, domin tun 1591 Paparoma Gregory na 14 ya haramta caca a kan zaɓen paparoma, ya ce wanda ya yi a fitar da shi daga coci.

Hujjarsu ta biyu ita ce garkuwa. Sun ce manomin da ke tsoron fari yana iya sayen tikitin cewa ba za a yi ruwa ba, in gona ta ƙone ya sami abin rage asara. Magana ce mai daɗin ji, amma lissafin cinikin Kalshi a ƙarshen 2025 ya nuna mafi yawansa, da nisa, a kan wasanni ne.

Wanda ya riga ka sani

Ɗan kasuwa ya san ba a shiga ciniki da wanda ya riga ya leƙa cikin buhu. A daren da za a bayyana lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, ran 10 ga Oktoba 2025, tikitin María Corina Machado ta ƙasar Benezuwela ya tashi daga ƙasa da senti 5 zuwa sama da senti 70 cikin 'yan sa'o'i, tun ba a yi sanarwa ba. Gari ya waye, ita aka ba. Hukumar Nobel a Norwe ta ce za ta binciki ko asirinta ne ya fita. Ran 3 ga Janairu 2026 sojojin Amurka suka kama shugaban Benezuwela Nicolás Maduro a birnin Karakas. Sai aka ga wani sabon asusu a Polymarket, wanda ya zuba dala dubu 30 da ɗoriya a kan saukarsa gab da kamun, ya kwashi ribar da ta haura dala dubu 400. A Ingila ma, a 2024, an gano wani na hannun daman Firayim Minista Rishi Sunak ya sa fam 100 a kan watan da za a yi zaɓe, 'yan kwanaki kafin maigidansa ya sanar. Duk kuɗin da irin waɗannan suka ci, mutanen da suka shiga da zato kawai su ne suka biya.

Wanda abin ke hannunsa

Illa ta biyu ta fi ta fari muni. In an ɗora kuɗi a kan aukuwar abu, wanda ke da ikon aukar da shi ya shiga jarrabawa. A watan Oktoba 2025, Brian Armstrong, shugaban kamfanin kirifto na Coinbase, yana gama yi wa masu hannun jari bayani sai ya ce ya ga ana caca a kan kalmomin da zai furta, ya kuwa jero guda biyar a jere da gangan. Nan take waɗansu suka ci, waɗansu suka faɗi. Wannan wasa ne da dariya, amma mai hankali zai auna: in kalma ce yau, gobe fa in gobara ce, alhali ashana ba ta da tsada?

Turawa sun taɓa ɗanɗana wannan. A ƙarni na 18 mutanen London sun shiga sayen inshora a kan rayukan manyan mutane marasa lafiya waɗanda babu dangin iya babu na baba tsakaninsu, suna jiran mutuwarsu su karɓi kuɗi, har majalisar Ingila ta yi doka a 1774 ta hana mutum ɗaura inshora a kan ran wanda mutuwarsa ba za ta jawo masa asara ba. A watan Yuli 2003 kuma, wani sashe na ma'aikatar tsaron Amurka ya shirya buɗe irin wannan kasuwa a kan al'amuran Gabas ta Tsakiya, 'yan majalisar dattawa biyu suka tona cewa za a iya cinikin kisan shugabanni da hare-hare, washegari aka soke shirin. Abin da aka ji kunyarsa a 2003, bayan shekara ashirin da 'yan kai ya zama sana'a mai daraja, har kamfanin da ya mallaki kasuwar hannun jari ta New York ya sanar a watan Oktoba 2025 zai zuba jarin da ya kai dala biliyan 2 a Polymarket.

Wa zai yanke hukunci

Illa ta uku tana ga alƙalin. Sukuwa tana da layin ƙarewa kowa na gani, amma al'amuran duniya sukan zo da fuska biyu. A 2025 an buɗe tambaya a Polymarket, ko shugaban Yukren Volodymyr Zelensky, wanda ya saba sa kaya irin na soja tun da aka soma yaƙi, zai sa kwat kafin watan Yuli. Ran 24 ga Yuni ya je taron ƙungiyar NATO a ƙasar Holan sanye da baƙar riga mai wuyan kwat da wando irinta, jaridu da yawa suka kira ta kwat. Masu I suka ce sun ci, masu A'a suka ce wannan ba kwat ba ce, cinikin ya haura dala miliyan 200. Hukuncin irin wannan gardama kuwa yana hannun masu riƙe da wani kirifto mai suna UMA, kowa nauyin ƙuri'arsa gwargwadon yawan abin da ya mallaka. Aka yanke A'a. Waɗanda suka faɗi suka yi ta kuka, suna zargin an ba kura ajiyar nama, amma babu inda za su ɗaukaka ƙara.

Hukumomi ma ba su daidaita a kan sunan abin ba. A 2022 hukumar kula da cinikin alkawari ta Amurka ta ci Polymarket tarar dala miliyan 1.4, ta sa ya rufe ƙofa ga Amurkawa, sai a 2025 ya sami izinin komawa. Kalshi ya kai hukumar nan ƙara ya yi nasara a 2024, aka bar shi ya yi cinikin zaɓe. Amma jihohi irin su Nevada da New Jersey sun aika masa takarda a 2025 cewa cinikinsa na wasanni caca ce marar lasisi, Singafo da Beljiyam kuma suka toshe Polymarket a shekarar nan bisa dokokinsu na caca.

Abin da ya riga ya iso gida

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kasuwar hasashe tana can nesa, amma ƙannenta sun daɗe cikin wayoyin samari a Nijeriya. Akwai ƙwallon da babu 'yan wasa, kwamfuta ce ke zana wasan ta fitar da sakamako cikin 'yan mintoci, dare da rana, mutum ba ya ko samun lokacin da zuciyarsa za ta huce tsakanin asara da asara. Akwai kuma wasan jirgi da ake kira Aviator, wanda kamfanin Spribe ya fitar a 2019. Jirgi na tashi a fuskar waya, kuɗin mutum na ninkuwa, in ya janye kafin jirgin ya ɓace ya ci, in ya yi jinkiri duka sun tafi. Masu wasan da kansu sun rubuta cewa cikin kowace 100 da aka zuba, 97 ke komawa ga 'yan wasa. Wanda ya san lissafi ya ga ƙarshen zancen, domin 97 ɗin nan za a sake zubawa a sake cire uku, haka har tulu ya ƙafe.

A watan Oktoba 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca da dama a cikin birnin. A watan Nuwamba na shekarar nan kuma Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce wannan hurumin jihohi ne. Shago dai ana iya sa masa kwaɗo, amma wanda ke cikin aljihu ba ya da ƙofar da za a rufe.

A ma'aunin malamai

Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida, hukunci yana bin haƙiƙanin abu, ko da an sake masa suna. Maisirin Larabawan jahiliyya ma yana da tsari da kyan gani. Akan yanka raƙumi, a zuba kibiya goma cikin jaka, bakwai masu rabo, uku babu kome, waɗanda na banzan suka faɗo wa su biya kuɗin raƙumin, naman kuwa galibi matalauta ake ba. Duk da wannan, ayar da ke cikin Suratul Baƙara ta tabbatar akwai ɗan amfani, ta kuma rinjayar da zunubin a kansa, sa'an nan ta Suratul Ma'ida ta zo ta hana baki ɗaya. Saboda haka cewa kasuwar hasashe tana da amfanin sanar da mutane abin da zai yiwu, ko da an sallama musu, bai fitar da ita daga inda take ba.

Wani almajiri mai kaifin kai yana iya kawo ƙissar da malaman tafsiri suka ruwaito a farkon Suratur Rum, cewa Sayyidina Abubakar ya ƙulla da Ubayyu ɗan Khalaf a kan raƙuma, cewa Rumawa za su rinjayi Farisa cikin 'yan shekaru. Lalle wannan ya yi kama da abin da ake magana a kai. Amsar mafi yawan malamai ita ce an ƙulla shi a Makka, tun ba a saukar da haramcin caca ba. Wani kuma ya kawo sukuwa. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, amma a wajen Imamu Malik mutum guda ne ke fitar da kyautar, ba ta kuma komawa hannunsa ko da shi ya yi gaba. 'Yan kallo su haɗa kuɗi wanda ya dace ya kwashe, wannan ba ya cikin abin da aka halatta.

Saura maganar da ta fi shiga kunnen ɗan kasuwa, watau cewa ai ciniki ma kasada ne. Gaskiya ne, fataken dā da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun yi kasadar da ta fi wannan. Amma a ƙarshen tafiyarsu akwai goro, mai saye ya tauna, mai sayarwa ya ƙirga kuɗi, kowa ya koma gida da amfani. Cinikin salam, wanda ake ba da kuɗi yanzu a karɓi hatsi da kaka, an halatta shi ne da sharaɗin a san irin hatsin da mudunsa da ranarsa, hatsin kuma bashi ne a wuyan mai sayarwa. Adashi ma kowa abin da ya zuba shi yake kwasa. Littattafan fiƙihu sun hana sayar da kifin da ke cikin kogi da ɗan da ke cikin cikin dabba saboda garari, alhali kifin da ɗan suna nan, ba a dai san yadda za su fito ba. Tikitin I da A'a ko wannan bai kai ba, babu kifi babu ɗa, babu abin da za a auna ko a ɗauka, ribar wannan ita ce asarar wancan daidai wa daida, bayan dillali ya cire tasa. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, to, a nan ko birin ma babu.

Abin da ya rage shi ne tsaron gida. Attajirai da yawa yau jarinsu na ratsawa ta wayar yaron shago ko ta ɗansu na cikinsu, wayar nan kuma ita ce ƙofar waɗannan wurare, ba a bukatar fita da dare, ba a bukatar kango. Yaron da ba zai taɓa zama a tabarmar karta ba, yana iya shiga wannan da zuciya ɗaya, don an gaya masa hannun jari ne, ilmin zamani ne. In ya zo da wannan magana, tsawa ba za ta wadatar ba, gara a zaunar da shi a tambaye shi yadda ake tambayar kowane mai kawo tallar sabuwar haja. Ina hajar take? In ka ci, daga aljihun wa? In gardama ta tashi, wa zai raba? Malamai kuma su ambaci abin da sunayensa na yanzu a wajen karatu da wa'azi, domin mai sauraro da yawa yana jin an ce caca haramun ce ya gyaɗa kai, bai san abin da ke cikin wayarsa ake nufi ba. Allah ya tsare dukiyar jama'a da zuriyarsu, ya sa albarka cikin neman halal, amin.